Gashi Uku a Fiffiken Dama

"Lafiya lau, ɗan nan, gajiya ta bi lafiya. Ina mijin nawa? Ko ya ji muryata ne ya shige ƙarƙashin gado?"

Haka tsohuwar ta katse ni tun ban kai ƙarshen gaisuwa ba. Ranar Lahadi ce da hantsi, a gidan hayarmu na Panshekara, farkon daminar 1982. Tana tsaye a ƙofar ɗaki, ƙunshi a ka, sanda a hannu, 'yar firit da ita. Ban taɓa ganinta ba amma nan take na gane ta, don babu ranar da Ashafa ba ya tsine mata a gabana, irin tsinuwar da jika ke yi wa kakar da ta goye shi. Fanna ke nan, uwar ubansa, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensa a wani ƙauye can bayan Gumel.

Ni sunana Inuwa. Ɗakinmu ɗaya da Ashafa, kamfaninmu ɗaya, na jimar fata a Challawa. Wata takwas kafin wannan rana, ana saura kwana kaɗan babbar salla, injin kankare fata ya kama masa hannun dama ya cinye yatsu uku. Aka ɗinke, aka ce Allah ya kiyaye gaba, aka miƙa masa tsintsiya ya koma shara. Shi kuwa injin ko rabin yini bai huta ba, kafin la'asar an tsai da wani a gabansa. Tun daga ranar Ashafa ya rantse babu ɗan garinsu da zai ga hannun nan. Mutum ne da in an fita gayya shi ake sawa a gaba, ya ce gara a ce ya lalace a birni da ya koma gida ana binsa da sannu. Ni nake rubuta masa wasiƙun gida, kuma ƙarya ce fal a cikinsu: lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Babban laifina kuma ga shi. Akwai wata shamuwa da ta yi kwanaki a kan tankin ruwan kamfani ita kaɗai. Ashafa ya yi mata 'yar waƙa, yana faɗa ina rubutawa. Waƙar ta shige ni, na tura ta gidan rediyo ban gaya masa ba, har da sunansa da sunan garinsu. Aka karanta, aka maimaita. Ya yi kwana uku bai ce mini uffan ba. To ga abin da rediyon ya jawo mana nan, tsaye a ƙofar ɗaki.

Ashafa ya ɓullo daga bayan gida da kaftani a jiki, hannun dama cuse a aljihu. Na ga ya ɗan yi turus, amma nan da nan ya gyara fuska.

"Ashe ba ki mutu ba? Ni da nake ta jira a aiko mu zo cin gumba."

"In na mutu wa zai yi maka takaba? Sai na binne ka tukuna, in auri mai shanu."

"Wa zai kwashe ki? Mu nan fata muke aiki, in aka kawo mana irin taki jefarwa muke yi."

"Ku da kuka san fata, me ya sa taka ta koma haka? Dubi wuya. A nan ba a cin abinci ne, ko warin ne yake ƙosar da ku?"

"Warin nan ne yake saya miki goro."

"Goron da rabona da shi tun kafin layya? Sauke mini kaya, malalacin miji."

Ya sauke mata ƙunshin da hannun hagu. Ta gani sarai. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, na yi niyyar zamewa in ba su wuri, ta ce in zauna, sha'anin aure yana son shaida. Shi kuma ya zaɓi wajen bango ya zauna, ya kai ɓangarensa na dama ga bangon. Ta sha ruwa, ta kurkure baki, ta tambaya wane irin gari ne wannan da ruwan kwata yake gudu kala uku. Na ce mata na kamfanoni ne. Ta ce Allah ya kyauta, sannan ta juya ga jikanta.

"Ba ka zo layya ba. Ba ka zo girbi ba. Ga shuka ta zo, an yi ruwa biyu. Na zo a ba ni takardata."

"Wace takarda?"

"Ta saki. In kai wa Malam Lawan ya karanta a gaban jama'a, in yi idda in huta."

"Wannan ai da baki ma ana yi. Je ki, na sallame ki, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Ba na karɓar na baki. Bakinka tun kana goye yake ƙarya. Rubutawa za ka yi."

"Inuwa, ɗauko biro ka rubuta mata."

"Shi ya aure ni? Da hannunka za ka rubuta, ina kallo."

Na sunkuyar da kai. Ashafa ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce shi bai saba ɓata tawada a kan tsofaffi ba, ya shiga tambayar mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya haihu, jakin wane yana nan. Ta biye masa. Ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan, ta bar shi ya yi ta kewaye-kewayensa har ya ƙare, sannan ta ce labarin da ya fi duka shi ne garinsu ya fita a rediyo.

Ta ba mu labarin yadda aka yi. Ranar da aka fara karanta waƙar mutum uku ne kawai suka ji, amma ranar maimaici gari duka ya taru a ƙofar mai gari, har da mata a bayan zana. Mai karantawa a rediyo ya ce shamuwar nan noma ne, wanda ƙasa ta yi wa riƙon sakainar kashi saboda man fetur. Malam Lawan, malamin firamare, ya ce sam, shamuwa talaka ne, tanki kuwa masu mulki. Liman ya ce dukansu sun yi nisa, shamuwa rai ne, tsamiya kuwa makoma. Aka yi ta musu har aka kusa ba hammata iska, kowa yana rantsuwa shi ya gane. Haushi ya kama ni ina saurare, don na san duk cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambayi lafiyar mai waƙar.

"Ni kuwa jahila," in ji ta, "na ce tsuntsun nan na san shi, ni na wanke masa kashi."

"Kin ji matsalar a bar tsofaffi kusa da rediyo. Tsuntsu ne, Fanna. Mai baki da ƙafafu. Ga Inuwa nan, shi ma ya gan shi."

Na ce ƙwarai, Iya, akwai shamuwar, duk ma'aikata sun gan ta. Ta ce ba ta musa ba. Ta ce Ashafa ya rera mata waƙar ta ji daga bakin mai ita. Ya ce ya manta. Sai ta gyara zama ta karanto ta da kanta, daga ji biyu kawai, ba ta ci ko harafi ba:

Shamuwa ta tafi cin rani kudu,
Damina ta tarar da ita a Challawa.

'Yan'uwa sun bi hadari sun yi gida,
Tana kan tanki, hayaƙi yana hawa.

Iska ta fizge gashi uku na dama,
Ta haɗiye kuka, ta ɓoye wa kowa.

Tsamiyar gida, ki ba wata sheƙar,
Mai guntun fiffike ba ta komawa.

A rediyo da na ji ta daɗi na ji, har da ɗan alfahari tunda rubutuna ne aka riƙe. A bakin tsohuwar nan kuwa sai na ji kunya ta rufe ni, kamar na kwance wa abokina zane a kasuwa.

"To, maigida," ta ce. "Tankin nan, ka hau shi?"

"In hau in yi me?"

"Tsawonsa fa?"

"Ya fi rimin kasuwarku."

"Daga ƙasa ke nan ka ƙirga mata gashi. Ko ita ce ta ɗaga maka fiffike ta ce zo ka ƙirga?"

"Ke ba ki san waƙa ba. Ana sa lamba ne don baiti ya daidaita."

"Da ka ce biyu, da ka ce huɗu, duk baki ɗaya za su cika. Me ya kai ka uku?"

"Ita ta zo mini."

"Ita ta zo maka. To iskar fa? Shekarata saba'in da wani abu ina ganin iska. In ta zo jinka take ɗauka gaba ɗaya, ta kwantar da dawa, ta tafi da zanen shanya. Ban taɓa ganin iskar da take zaɓen dama ta bar hagu ba, ta ɗauki uku ta bar saura. Iskarku ta nan da lantarki take aiki ko?"

Ashafa ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce tsufa ya fara taɓa mata kai, a nemo mata rubutu ta sha. Ta ce in rubutunsa ne ta yarda, ya ɗauko allo.

"Sai kuka," ta ci gaba. "Shekara nawa shamuwa tana sheƙa a tsamiyar gidanmu? Tun kafin a haifi ubanka. Ka taɓa jin ta yi kuka irin na kurciya ko na hankaka? Baki take kaɗawa, shi ke nan. To me ta haɗiye? Mai haɗiye kuka sai wanda yake da shi."

"Shamuwar birni ce. Nan komai ya waye."

"Haka na gani. Har mazan ma sun waye, suna gaida mutane da hagu."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce tunda ta zama malamar waƙa, sai ta nemi aiki a rediyo, ko da yake da wannan murya tata jama'a za su ɗauka batir ne ya yi sanyi. Ta ce muryar nan ce ta yi masa rarrashi shekara uku yana fitsarin kwance. Ya ce ƙazafi ne, a kawo shaida. Ta ce tabarmar tana nan a rataye, har yau awaki ba sa zuwa kusa da ita. Na yi dariya ban shirya ba, shi ma ya yi, amma hannun yana nan inda yake a aljihu.

"Saura tsamiya," ta ce. "Ni ce ko?"

"Wannan kam kin dace. Tsohuwa, mai tsami, ga aljanu."

"Na karɓa. Aljanun ne ma suka kawo ni. Amma da ka ce in ba wata sheƙar, ka san wa ya ji?"

"Wa?"

"Baffanka Ɗan'auta."

Nan fuskar Ashafa ta sauya. Ɗan'auta ƙanin ubansa ne, kuma na sha jin labarin yadda ya daɗe yana zagaya gonar da uban Ashafa ya bari. Tsohuwar ta ce shi Ɗan'auta bai shiga musun noma da rai da talaka ba, duk waƙar layi ɗaya ya ji. Washegari da sassafe sai ga shi ya zo gaishe ta, abin da bai saba ba, ya ce tunda yaro da bakinsa ya faɗa a rediyo, duniya ta ji, ba ya komowa, ai bai kamata a bar gona ta kwana ba shuka ba. Ta ce masa ya jira ta je ta dawo. Ya ce ƙasa ba za ta jira ba, in an sake ruwa zai shiga da iri.

"Ya shiga mana," in ji Ashafa. "Ni na hana shi?"

"Gonar ubanka?"

"Ubana ya gama da ita. Ni ma na gama."

"Wasiƙunka ba haka suke cewa ba. Su kullum ka kusa zuwa." Ta waiwayo ta dube ni. "Ko da yake ba na ganin laifinsu, tunda ba su san mai su ba. Ni ban iya karatu ba, ɗan nan, amma na san rubutun mijina, kamar kaza ta bi ta kan toka. Tun bayan layya sai ga rubutu yana zuwa tsaf-tsaf a jere. Na ce wa Malam Lawan ko dai an sake mini miji ne a Kano."

Na ce, "Iya, ku yi haƙuri." Ta ce ba da ni take ba, wanda aka aika ba shi da laifi, sai dai in na sake yi mata ƙarya da biro za ta sa a kama ni.

Daga nan wasa ya ƙare wa Ashafa. Bai ɗaga murya ba, da ma ba mai ɗaga murya ba ne, amma na ji ɗacin da ya daɗe yana dannewa ya taso gaba ɗaya.

"To a ce ni ne shamuwar. Sai me? In zo in yi miki me? In zauna a gindin bishiya da tsofaffi, wanda ya wuce ya ce sannu Ashafa, ya jiki? Waɗanda nake bari a baya a gayya su riƙa kawo mini dawa a ƙwarya? Nan aƙalla babu wanda ya san ni da. Mai shara ne, shi ke nan, babu mai cewa wayyo. Ki koma, Fanna. Ki ce kin same ni na yi ƙiba, na yi aure, na manta da ku. Sun fi son wannan labarin, ni ma na fi son sa."

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba. Tsohuwa ta hau mota uku ta zo, yana korar ta da ƙarya a baki. Amma kuma na san abin da yake faɗa gaskiya ne, don ni na ga yadda ya koyi ɗaura tazuge da haƙori, yana juya mini baya don kar in gani.

Ita kuwa ko gezau. Ta jawo ƙunshinta ta kwance, ta ture ƙullin kuka da na daddawa gefe, ta zaro wani siririn tsumma da ya yi baƙi don amfani. Ta naɗe yatsunta uku na hannun dama cikin tafi, ta kama bakin tsumman da ragowar haƙoranta, ta naɗa, ta ƙulle. Yadda ta yi shi cikin sauri, kowa ya gani ya san ba yau ta fara ba.

"Kwana goma sha ɗaya ke nan," ta ce. "Tun ranar maimaici. Na ce wa matan gida ɗan karkare ne ya fito mini. A mota kawai na kwance, don kar a ce tsohuwa ta zo bara."

Ta shiga lissafa masa abin da ta gano, tana ɗaga hannun a gabansa. Alwala tana yiwuwa. Carbi yana jawuwa. Tuwo yana ciyuwa in miya ba ta tsinke ba, loma ce dai ƙanana, kuma da ma shi haɗama ta yi masa yawa. Guga ba ya jawuwa sai an naɗa igiya a wuyan hannu. Damun fura sai da hagu.

"Hauya fa?" Ashafa ya tambaya.

"Ba ta riƙuwa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ba mawaƙiya ba ce. Na gwada har na sari ƙafata, ga wurin nan. Noma ya wuce ka, maigida, wannan kam ka yi masa kuka ka gama."

Ya gyaɗa kai. Ina jin wannan ce magana ta farko da wani ya faɗa masa a kan hannun nan ba tare da an shafa mata mai ba.

"Amma shuka tana yiwuwa," ta ce. Ta kwance wani ɗan ƙulli, sai ga gero, iri mai kyau, ta zuba kaɗan a kan murfin kwano. Ta sa yatsu biyun da suka rage ta tsinto, ta saki, ta sake tsintowa. "Ka gani? Ɗan'auta ya riƙe sungumi yana sara rami, kai kana binsa a baya kana zuba iri kana takewa, kamar 'yan mata. In irinka ne ya faɗa ƙasar, ina raye babu mai cewa gonar ba taka ba ce. Noma kuwa, duk wanda ka taɓa yi wa gayya zan bi shi gida-gida da sandar nan."

Ba maganarta ce ta ɗauke mini hankali ba, hannunta ne. Babban yatsa ta bari da manuniya, ta ɗaure ukun ƙarshe. Haka duk mai fatan alheri zai zata. Amma inji ba ya fatan alheri. Ukun tsakiya ya ɗauka, ya bar wa Ashafa babban yatsa da ƙaramin can gefe, tsakaninsu fili.

Ashafa ya daɗe yana kallon hannun nata. Sannan a hankali ya zaro nasa daga aljihu, ya ajiye shi a kan tabarma kusa da nata.

Ana jin matan gidan suna daka a tsakar gida. Tsohuwar ta sunkuya ta duba, ta sa hannun hagu ta shafa tabon ɗinkin tun daga farko har ƙarshe, ta juya tafin ta duba bayansa. Na zaci za ta fashe da kuka, wallahi da ta yi da na bi ta. Sai ta ɗago.

"Waƙar banza," ta ce. "Ta faɗi uku, ba ta faɗi waɗanne ba. Kwana goma sha ɗaya ina koyon hannun wani."

"Baitin ne ba zai ɗauka ba."

"Sai ka ƙara baiti, ragon mawaƙi. Ana biyan ka ne in ka taƙaita?"

Ta sa haƙori ta kwance tsumman. Ta miƙe yatsun, ta dubi nasa, ta naɗe ukun tsakiya. Ta yi ƙoƙarin ɗaurewa, tsumman ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Na matso zan taimaka, ta harare ni.

"Kai ba mijina ba ne. Zo nan, ɗaure mini."

Ashafa ya matso. Da hagunsa da yatsu biyun nan ya naɗa mata, ya ja ƙullin da haƙori. Wannan ne karo na farko da na ga ya yi aiki da hannun a gaban wani bai juya baya ba.

Ta kai hannu kan geron. Babban yatsa da ƙarami suka haɗu da ƙyar, ƙwayoyin suka watse. Ta sake, suka zube a tabarma. Ta tsaya ta huta, ta yi tsaki, ta karkata shi ta wani gefen. A karo na huɗu ta ɗago da ƙwaya uku maƙale, ta riƙe su a sama tana haki kamar wadda ta yi dakan turmi guda.

"Yana yiwuwa," ta ce. "Da wuya dai. Gwada."

Ya ce shi ba zai yi wasan yara ba. Ta ce da ma ta san tsoro yake ji kar tsohuwa ta kayar da shi. Ya kai hannu. Sau biyu yana tashi a banza, na uku ya ɗago da ƙwaya biyu.

"Biyu," ta ce. "A rami ɗaya biyar ake zubawa. Da wannan saurin naka sai mu kai girbi muna shuka."

Sai Ashafa ya fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin layya. Yana yi hawaye na zuba, bai share ba, ita ma ba ta ce ta gani ba.

"Kin ci, Fanna," ya ce. "Kin ci, tsohuwar banza. Allah ya isa tsakanina da rediyo."

"Amin. Da mai tura masa waƙa."

Ta ƙulle sauran geron ta tura gabansa. Ta ce iri ne, ba na ci ba, kada ya kuskura ya tauna, daga nan zuwa Gumel tafiya ce mai nisa, ya yi ta koyo a cinyarsa cikin mota. Maganar takardar saki kuwa ta ce ta ɗaga masa ƙafa zuwa kaka, in ta ga abin da gona ta yi.

Washegari ban je aiki ba, na raka su tasha. Ashafa yana gaba da akwatinsa a ka, hannun a waje, mutane suna kallo suna kau da kai. Ita tana baya tana dogara sanda da hagu. Sai a bakin mota na lura hannunta na dama yana nan a ɗaure, ukun tsakiya, yatsun har sun fara kumbura.

Na ce, "Iya, ba kwa kwance ba? Ai ya yarda."

Ta ce, "In na kwance, wa zai riga shi iyawa ya yi masa dariya?"